Motata ta karkace gefe ɗaya bayan an canza shokazoba, me zan duba?

Mai Corolla: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Sati biyu kenan aka canza min shokazoba na gaba duka biyu da lowa am (ƙarfen ƙasa da ke haɗa ƙafar taya da jikin mota) na gefen dama, tunda na ɗauko motar nake ganin kamar ta jingina, gefen dama na gaba ya ɗaga, na direba ya yi ƙasa. Na sa yatsu tsakanin taya da fenda, dama huɗu suna shiga har da saura, hagu uku da ƙyar. Na koma wajen mai gyaran ya ce in ci gaba da hawa za ta zauna da kanta, to har yau ba ta zauna ba kuma abin yana damuna sosai don da ita nake kai yara makaranta. Shokazoban ne ba mai kyau ba ko me?

Direban dogon zango: Wa alaikumus salam. Maigida kafin komai ka bar awon yatsu, zai ruɗe ka. Nemi waje mai siminti wanda yake a miƙe, ka daidaita iskar tayoyi huɗun, ka kwashe kayan but, sannan ka sa tef ka auna daga tsakiyar wil zuwa bakin fenda. Daga tsakiyar wil fa, ba daga ƙasa ba, saboda kar taya ta shiga lissafin. Ka auna duka huɗun ka rubuta.

Mai Corolla: Na auna yanzu Oga. Gaba dama ta fi hagu da santimita 2 da ɗan wani abu. Abin mamaki baya ta hagu ma ta ɗan sauka, alhali ba a taɓa bayan ba.

Tsohon bakanike: Ɗana bayan nan kar ya tsorata ka, mota kamar tebur take, in ka ɗaga ƙafa ɗaya nauyin sai ya koma kan wadda take kusurwar da ke fuskantarta, a nan baya ta hagu kenan, don haka matsalarka tana gaba dama. Kuma ka cire ranka daga kan shokazoba, ba shi ne yake ɗauke da nauyin mota ba, sifirin ne, shi aikinsa kawai ya hana ta yin ta lilo. Abin da na fi zargi shi ne lowa am ɗin. Yara da yawa suna ɗaure notin bushin, wato mahaɗin lowa am da jikin mota mai roba a ciki, tamau alhali motar tana kan jak ƙafar tana reto, to robar cikin bushin ba juyawa take kamar boris ba, murɗewa take. In ka ɗaure ta a sama ka sauke motar sai robar ta riƙa ja tana son komawa inda aka ɗaure ta, gefen ya ƙi zama, kuma bushin ɗin sabo fil ya yage da wuri. Ka sa a hau da ita kan rami tayoyinta suna ɗauke da nauyinta, a sassauta notin, a danna gaban motar sau uku huɗu, sannan a ɗaure. In kana wajen za ka iya ganin ta sauka da idonka.

Direban dogon zango: Baba gaskiya ka faɗa. Amma a leƙa sifirin ma, tunda an kwance shi an mayar kan sabon shokazoba. Akwai ɗan gurbi a farantin ƙasa inda bakin sifirin yake tsayawa, in ya hau kan tudun gurbin maimakon ya faɗa ciki dole gefen ya ɗaga. Murɗa sitiyari ka haska da fitilar waya za ka gani.

Hajiya mai Camry: Ni tawa sifirin ɗaya aka canza aka bar tsohon a ɗaya gefen, tsohon ya riga ya gaji ya kwanta. Sai da aka sa biyu iri ɗaya ta miƙe. Ka tambayi mai gyaran ko ya canza maka wani bai faɗa ba, ka duba ɗigon fenti da ke jikinsu ko kala ɗaya ne.

Tsohon bakanike: Haka ne Hajiya. In duk an duba waɗannan ba a ga komai ba a kwance linkej, wato 'yar sandar da ke haɗa ƙafa da ƙarfen da ke rage karkatar mota a kwana, gefe ɗaya a sake awo, in ta daidaita to ko linkej ya lanƙwashe ko tsawonsu ya bambanta. Kuma kar ka yi alaimen, wato saita tayoyi, yanzu, sai tsayin ya daidaita, in ba haka ba sau biyu za ka yi.

Mai Corolla: Na dawo da bayani. Sifirin nawa ne na da duka biyun, fentin iri ɗaya, amma na dama bakinsa bai shiga gurbin ba, na gani da idona har robar ƙarƙashinsa ta fito gefe. An kwance an zaunar da shi, sannan na tsaya a kansu aka sassauta lowa am a kan rami aka sake ɗaurewa kamar yadda Baba ya ce. Yanzu bambancin bai kai rabin santimita ba, bayan ma ya dawo daidai. Gobe in sha Allah zan kai ta alaimen. Allah ya saka da alheri.