Likita ta ce in dinga tafiyar ƙasa, to ina zan bi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Yayata ce ta rasu bara cikin azumi, sankarar mama, wata bakwai muna zaryar asibiti ni ke mata wanka ni ke juya ta, daga ƙarshe ko hannunta na dama bata iya ɗagawa don kumburi, ta bar min yara uku. Tun lokacin bana iya bacci sosai. Na je an duba ni ba komai Alhamdulillah, amma likitar ta ce jikina ya yi nauyi kuma zaman da nake kan keken ɗinki safe zuwa magariba bai dace ba, in samu minti 30 ina tafiya da ɗan sauri, kwana biyar a sati. A unguwar Bolari nake cikin garin Gombe, layinmu gefe ɗaya kwata ce a buɗe, ɗayan masu kayan miya sun baje, 'yan acaba da Napep kuma basa ɗaga ƙafa. Maigida ma bai so. Ya zan yi?

Anti Hajjo: Allah ya jiƙanta. Shekara 28 na yi ina aikin jinya, ki riƙe maganar likitar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta ce a sati ga baligi, shi ne aka raba miki biyar. Motsa jiki na rage haɗarin sankarar mama da ta babban hanji da ta mahaifa. Ragewa fa na ce, ba rigakafi bane, kar ki daina zuwa ana duba ki. Bayan sallar asuba zaki fita kafin titi ya cika.

Abu Sadiq: Anti wane titin? Babanmu a hanyar masallaci ɗan acaba ya kwashe shi a Tudun Wada, har yau da sanda yake tafiya. Ana zuba kwalta amma ba a ware wa mai ƙafa ko taku biyu, inda aka ware ɗin ma an jera janareta da tebur.

Ummu Walid: Ni dai a ganina shara da wanki da daka sun isa, iyayenmu wane tattaki suka yi?

Anti Hajjo: Iyayenmu da ƙafa suke zuwa rafi da gona. Ita a zaune take wuni. Maman Ilham, ranar Asabar ki je wajen sitadiyam na Pantami, ki nemi mata biyu ku tafi tare da hijabanku.

Maman Ilham: Anti na gode amma asuba lokacin ɗora ɗumame ne, yara shida nake shiryawa makaranta yanzu. Pantami kuma kuɗin Napep zuwa da dawowa fa? Ɗinkin nan dashi nake biyan kuɗin makarantar marayun, ba son zama nake ba.

Ummu Walid: To ki dinga zagaye tsakar gida.

Maman Ilham: Gidan haya ne, mu huɗu, igiyar shanya ko ina.

Anti Hajjo: Ki raka yaran makaranta da ƙafa ki dawo, an gama. Shi maigidan me ya ce takamaimai?

Maman Ilham: Cewa ya yi me mutane za su ce. Ban sake tada maganar ba.

Abu Sadiq: Kwatar layinku ɗin kun taɓa kai wa mai unguwa? Mu sau uku muna kaiwa.