Kankare mai kwanciya da kansa: me za mu kiyaye ranar zubi?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Za a zuba bangon tare ƙasa mai tsayin mita 3, kuma rodi ya yi cunkoso har foka, wato sandar injin da ke girgiza kankare, ba ta shiga. Injiniya ya ce a kawo kankaren nan mai ruwa-ruwa da ke cika kowane lungu da kansa, famfo ne zai tura shi. Katakon da muka saba kafawa zai ɗauka? Me kuma zan gaya wa leburori?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah kada ka dogara da katakon da aka saba, haɗarin duk a nan yake. Wannan kankare tura katako yake kamar ruwa a tanki har sai ya fara kamawa. A gindin bangon mita 3, turin da ke kan kowace murabba'in mita ya kai kusan tan 7. Injiniya ya lissafa sandunan ɗauri da tokara a kan wannan nauyi, a matso da su kusa da juna ta ƙasa. A toshe mahaɗar katako da gindinsa, domin 'yar kafa ma ta isa ruwan siminti ya tsiyaye. Bututu ko akwatin da aka saka a ciki a ɗaure shi tam, in ba haka ba tasowa zai yi. Ana zubi, kowa ya bar gindin bango. Kafinta ɗaya ya sa ido daga gefe, da ya ga kumburi ko ya ji ƙarar katako, a tsayar da famfo.

Amsa ta biyu: Ƙari a kan haka, Oga, a gwada kankaren kowace motar da ta kawo. A cika mazubin gwaji da kankaren a kan faranti mai danshi, a ɗaga mazubin. Yawanci ana son ya baje santimita 65 zuwa 75, sai dai in injiniya ya rubuta wani abu daban. In tsakuwa ta taru a tsakiya, ruwa-ruwa ya kewaye baki, ya rabe ke nan, a mayar da motar. Zafin rana na sa shi kauri da wuri, amma kada direba ya ƙara ruwa. Kada a sa foka, tsakuwa za ta nutse ƙasa. Bakin tiyo ya sauka kusa da inda kankaren ya kai, a riƙa matsawa da shi, kada kankaren ya gudu a kwance fiye da mita 10.

Amsa ta uku: Ga leburori: rambut, safar hannu ta roba da tabarau, don yana fantsama sosai. Ɗanyen siminti na cin fata ba tare da mutum ya ji nan take ba. Wanda ya zubo masa cikin takalmi ya cire ya wanke a lokacin. In ido ne, ruwa mai tsabta na minti 20, sannan asibiti. Lokacin tada famfo kowa ya ja baya daga bakin tiyo, iskar da ta maƙale a ciki kan sa shi ya yi bulala. Hannun famfon kuma ya nisanci wayar lantarki da aƙalla mita 6.

Amsa ta huɗu: Wannan kankare ba ya fitar da ruwa a sama sosai, don haka iskar hunturu na tsattsaga shi da wuri. Da an gama a rufe saman da leda, a bi shi da ruwa kwana 7.