Na koma Incognito amma tallar tana bi na, ina na yi kuskure?

Uwar_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na yi ta binciken wani kumburi da ke damu na a ƙafa, a kwamfutar da duk gidan muke amfani da ita. Washegari ɗana ya zauna zai yi aikin makaranta, yana buga harafin "k" sai ga "kumburin ƙafa da dare" ya faɗo masa a layin farko. Ya juyo ya ce, "Mama, ba ki da lafiya ne?" Ba wai abin ɓoyewa ba ne, amma ban shirya faɗa ba tukuna. Tun daga ranar na koma Incognito, wato tagar sirri ta burauza (manhajar shiga intanet), sai dai har yau tallar safar matse ƙafa ba ta bar wayata ba. Ga shi abin da nake nema ɗin ma ban samu ba, shafukan masu sayar da magani ne kawai ke fitowa. Ina na yi kuskure?

Ɗan_Gyara:
Wa alaikumus salam Anti, Allah ya ƙara sauƙi. Tambayar farko ita ce, wa kike ɓoye wa? In mutanen gida ne, Incognito ya wadatar, domin aikinsa ke nan: da kin rufe tagar, burauza ba ta ajiye tarihi ko kukis (ƙananan bayanan da shafuka ke bari don su gane ki) a na'urar. Amma shafin da kika shiga yana ganinki, kamfanin da ke ba ki intanet ya san sunan shafin, kuma da zarar kin shiga asusunki a cikin tagar, to an gane ki.

Abin da ya riga ya wuce kuwa Incognito ba ya goge shi. Ki share tarihin burauzar, sannan ki buɗe myactivity.google.com ki goge na asusunki na Google, akwai ma wurin da za ki sa ya riƙa gogewa da kansa bayan wata 3, 18 ko 36. Ita tallar, ina zargin kin taɓa buɗe ɗaya daga cikin shafukan masu sayarwar a wayar, suka bar miki kukis. Ki share na wayar ma. Kuma ki buɗe wa yaron nasa asusun a kwamfutar, kowa ya tsaya a nasa.

Malam_Laburare:
Hajiya, ni ɓangaren rashin samun amsa zan taɓa. Yawancinmu muna buga kalma biyu ne mu jira ikon Allah. Ki sa jimla tsakanin alamun zance, kamar "kumburin ƙafa", injin binciken zai nemo ta a jere yadda kika rubuta. Kalmar da ba kya so ki sa mata alamar ragi a manne, misali -saya. Wanda na fi ji da shi shi ne site: domin in kika rubuta site:who.int kafin tambayarki, shafin Hukumar Lafiya ta Duniya kaɗai za a duba, 'yan kasuwa su huta. Akwai filetype:pdf don takardu, da after:2022 don ki tsallake tsofaffin rubuce-rubuce. In da Hausa kike nema, ki gwada sau biyu, "ƙafa" da "kafa", saboda mutane da yawa ba sa sa lanƙwasa. Ni na yi shekaru ina rasa abubuwa kafin na farga da wannan. Sai dai kumburin da ya ƙi sauka, likita ya kamata ya gani da idonsa.

Shiru_Kake_Ji:
Kada ma a raina abin da mutum ke bugawa a akwatin nan. A 2006 kamfanin AOL na Amurka ya saki tambayoyi kusan miliyan 20 na mutane sama da 650,000, ya cire sunaye ya sa lambobi. Cikin 'yan kwanaki 'yan jaridar New York Times suka gano wata dattijuwa daga abubuwan da take nema kawai. Shi ya sa lamarin lafiya ko bashi nake kai shi DuckDuckGo ko Startpage, injinan binciken da suka ce ba sa haɗa bincike da mai yinsa. Startpage ma sakamakon Google yake kawowa. Masu cewa a sa VPN kuma, wato manhajar da ke ɓoye wa kamfanin intanet shafukan da kike shiga, Yaya, ki sani amana ce kawai kika ɗauke daga kamfanin intanet kika miƙa wa mai VPN ɗin, na kyauta kuwa ni ba na kusantarsu. Tor, tsarin ɓoye sawu a intanet, ya fi ƙarfi, yana bi da ke ta tashoshi uku, amma yana da nauyi, kuma don kumburin ƙafa ya yi yawa.

Uwar_Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ɗan_Gyara ka canka daidai, na tuna na buɗe shafin safar a waya ina jiran a tashi yara. Na share, na kuma sa gogewar wata 3. Abin da na gani a shafin tarihin nan ya ba ni tsoro, har binciken da na yi lokacin goyon na biyun yana nan da ranarsa da sa'arsa. Malam, na gwada site: ɗin, shafi na farko ba talla ko ɗaya a sakamakon. Likita kuma gobe da safe in sha Allah, ɗan nawa ma ya ce shi zai raka ni.