Shafi guda ga kowane fakiti, ko in raba shi biyu?

Ɗan_Direba: Salam 'yan'uwa. Ina rubuta direban katin sadarwa na Linux (manhajar da ke sarrafa katin) don wata ƙaramar na'ura mai RAM 128MB. Layukan karɓa 4 ne, kowanne da gurbi 512. In na ba kowane fakiti (ƙunshin bayanan da ke shigowa) shafin RAM guda mai bayit 4096, 8MB ke nan, kuma kod ɗin kowa ya karanta zai gane. In na raba shafin biyu, 4MB, amma sai na riƙa lissafin wa ke riƙe da wane rabi. Wa ya taɓa yi?

Mai_Saba: RAM ta yi araha yanzu, ƙara kawai.

Ɗan_Direba: A manne take da allon, Malam, ba a ƙarawa.

Tsohon_Hannu: Kada ka raba. A inda na yi aiki oga ne ya matsa a rage cin RAM, wani ya rubuta rabon ya bar aikin, ni na gāda. Wani lokaci sai direban ya mayar wa katin rabin da TCP, sashen da ke harhaɗa fakitocin, bai gama da shi ba, sabon fakiti ya hau kan tsoho. Katin ya riga ya tantance tsohon, don haka babu ƙorafi ko ɗaya, sai fayil ya iso a lalace. Kuma sai lodi ya yi yawa abin ke fitowa. Ni aka kira rago a gaban kowa, ogan kuwa ƙarin girma ya samu.

Bintu_K: Allah Ya saka maka. Amma direban ixgbe na katunan Intel ya daɗe yana raba shafi biyu lafiya lau. Kuma 8MB ɗin nan da sharaɗi: in aka saita girman shafin ya zama 64KB, 128MB ne cif, wato duk RAM ɗin na'urar.

Mai_Saba: Wa zai kunna 64KB a wannan 'yar na'ura?

Na_BSD: Mu a FreeBSD, wani tsarin daban da Linux, ma'ajin fakiti ƙarami (mbuf) bayit 256, babba (kulasta) 2048, muna barcinmu.

Mai_Saba: Ku nawa ne ma? A ƙirga ku da yatsu.

Tsohon_Hannu: Wanda bai taɓa kwana neman irin wannan matsala ba ya ɗan yi shiru.

Bintu_K: Haba Yaya, wahala ba hujja ba ce. page_pool, mai kula da shafukan fakiti a kanel (zuciyar Linux), yana nan tun sigar 4.18, an kuma ƙara masa yanka shafi daga baya. Ka bar masa lissafin.

Ɗan_Direba: Kanel ɗin da kamfanin da ya ƙera guntun na'urar (chip) ya ba mu 4.4 ne, ya girmi 4.18.

Na_BSD: Inna lillahi!

Bintu_K: Halinsu ke nan. Mu wani sashen direbanmu a rufe suka kawo shi, ba a ganin kod ɗinsa, ka sabunta kanel wayalas ya mutu. Kun taɓa samun amsar imel daga wajensu?