Co-op a Hausa: ni dai na tsaya a kan "haɗaka"

'Yan'uwa masu buga gem, akwai kalmar da ta daɗe tana tsaya mini a rai, yau nake so mu raba gardama a kanta. Ita ce co-op, wadda bakinmu ya mayar "ko-of". Duk lokacin da aka ce sabon fitowar wani gem na RPG, wato irin wanda kake jan jarumi ko tawaga cikin dogon labari, zai zo da ita, sai in ga mun rubuta "ana iya bugawa da mutane da yawa". Wannan bai fito da ma'anar ba. Gem ɗin ƙwallo ma mutane da yawa ke bugawa, amma kowa so yake ya ga bayan ɗan'uwansa. A ko-of kuwa ɓangarenku ɗaya, na'ura ce abokiyar gaba, in an ci ku an ci ku tare.

Kafin a raɗa wa abu suna sai an ga fuskarsa. Dragon Quest ya fara fitowa a 1986, ya shafe sama da shekara ashirin mutum ɗaya ke jan dukan tawagar. Sai a na tara, wanda ya fito a Japan a 2009 kan Nintendo DS, aka buɗe ƙofa mutum huɗu su shiga duniya ɗaya, kowa da na'urarsa a hannu. Tun kafin nan Secret of Mana na 1993 ya ba mutum uku damar bugawa lokaci guda, in an jona ƙarin mahaɗi a jikin Super Nintendo, alhali wanda ya gabace shi a Game Boy na mutum ɗaya ne.

Amma wanda ya fi nuna mini zuciyar abin shi ne Final Fantasy Crystal Chronicles na 2003 a GameCube. Duniyar cike take da iska mai guba. Tawagar tana da kasko ɗaya mai lu'ulu'u, shi ke yi musu da'irar kariya, wanda ya fita daga cikinta ransa zai fara raguwa. Dole wani ya ɗauki kaskon, kuma muddin yana ɗauke da shi ba zai kai sara ba. Ku duba wannan da kyau: mutum ya zo buga gem, an ba shi dako, kuma rayuwar sauran ukun tana bin sawunsa. In ya yi sauri ya bar na baya a cikin guba, in ya yi nawa ya tsare na gaba. Kowa kuma da Game Boy Advance a hannunsa, allon wannan na nuna taswira, na wancan na nuna inda maƙiya suke, don haka ba makawa sai an buɗe baki an yi magana. Kalmar da za mu zaɓa sai ta iya ɗaukar wannan.

Ta farko da kowa ke kawowa ita ce "haɗin gwiwa". Ma'anarta daidai take, ban ƙi ba. Sai dai labarai sun riga sun mallake ta, da ka ji ta sai ka jira a ce an sa hannu a yarjejeniya. Gwada ta a baki: "zo mu yi haɗin gwiwa bayan isha'i". Ba mai faɗa wa abokinsa haka.

Wani dattijo da nake girmamawa ya kawo "gama kai", ya ce ai da ita aka fassara ƙungiyoyin kofaretif tun da daɗewa. Baba, Allah ya ƙara girma, hujjarka mai ƙarfi ce, asalin kalmar Turancin ma ɗaya ne. Abin da ya hana ni bin ka shi ne "gama". A bakin mai gem, gamawa ita ce kai wasa ƙarshe. "Mun gama kai a Diablo" zai sa mai ji ya ɗan tsaya kafin ya gane, kalmar yau da kullum kuwa ba a so ta tsayar da mutum.

"Taimakekeniya" ta yi tsawo. "Tarayya" ta tafi wani aikin.

Wata 'yar'uwa ta ce "taron dangi", kuma gaskiya na ji daɗinta. Yaya, kin taɓo wani abu. Mutum huɗu sun kewaye dodo ɗaya a Monster Hunter, wannan na sara ta wutsiya, wancan na kafa tarko, ai taron dangi ne tsantsa. Matsalar ita ce kalmar tana kallon wanda aka rufar wa, har da ɗan tausayinsa a ciki, kuma ba ta wuce lokacin faɗa. RPG kuwa rabinsa ba faɗa ba ne. Ni da ƙanena muna buga Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian, wanda ya fito a 2023, allo rabe biyu. Ni ina tsaye ina jan mai saye da sayarwa da zance, shi ya laɓaɓa ta baya yana lalube masa aljihu. Can kuma muka kwashe kusan rabin awa muna ja-in-ja kan ko a saki wani fursuna ko a bar shi, domin zaɓin ɗayanmu zai bi mu duka har ƙarshen labari. Ba wanda aka yi wa taron dangi a nan. Don haka mu ajiye kalmar a inda ta dace, wato lokacin da aka rufar wa bos, babban abokin gabar da ke tare hanya.

Haka "ɗauki" ma tana da gurbinta. A Dark Souls na 2011 mutum kan rubuta alama a ƙasa, wanda ya maƙale ya taɓa ta, baƙo ya shigo duniyarsa, su kayar da bos, baƙon ya koma inda ya fito. Wannan kai ɗauki ne, ya zo ya taya ka ya tafi. Kamfanin FromSoftware, mai Dark Souls ɗin, da kansa ya nuna bambancin da ya fitar da Elden Ring Nightreign a 2025, inda mutum uku ke farawa tare su ƙare tare, wanda ya faɗi sai 'yan'uwansa sun tashe shi.

To, wannan na biyun shi nake kira haɗaka. Gajeriya ce, tana shiga jimla ba tare da an tura ta ba: "gem ɗin yana da haɗaka?", "haɗakar mutum huɗu ce", "sun ƙara haɗaka a sabon fitowa", "zo mu yi haɗaka". Tana nufin kowa ya kawo nasa an zuba wuri ɗaya, riba ɗaya asara ɗaya, mai dakon kasko da mai takobi duk suna ciki. Na san 'yan siyasa ma suna amfani da ita, amma ba su cinye ta ba tukuna yadda aka cinye haɗin gwiwa. Kishiyarta kuma a shirye take, "karawa", ga wasan da kuke fuskantar juna.

Saura rabe-raben cikinta. In kuna ɗaki ɗaya gaban allo ɗaya, na ce "haɗakar zaune". In ta intanet ce, "haɗakar nesa". Ta biyun ta zauna mini. Ta farkon ce har yanzu nake juyawa a baki, domin mai buga ta nesa ma a zaune yake. Ƙanena ya fi son "haɗakar allo ɗaya", sai dai ita kuma ta bar Dragon Quest na tara a waje, inda kuke kusa da juna amma kowa da allonsa. Wanda ke da wadda ta fi waɗannan biyun ya kawo, mu gwada ta a baki.