Taƙaitawa: wakilcin 'yan Latino a majalisun jihohin Amurka

'Yan uwa, ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da aka yi kan ƙarancin kujerun 'yan Latino, wato mazauna Amurka masu asali daga ƙasashen Latin Amurka, a majalisun jihohi.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Giɓin a fili yake. Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan Latino sun kai miliyan 62, kusan kashi 19 cikin 100 na Amurkawa. Amma a kujeru sama da 7,300 na majalisun jihohi, ko rabin wannan kason ba su samu ba.

2. A sa ido kan shata iyakokin mazaɓu bayan kowace ƙidaya. A nan ake raba unguwa ɗaya gida uku, ƙuri'arta ta tashi a banza. Makamin zuwa kotu shi ne dokar 'yancin zaɓe ta 1965, da gyaran 1975 da ya shigo da masu jin Sifaniyanci.

3. Albashi, kuma wannan ya fi damuna. Ɗan majalisar Texas dala 7,200 yake karɓa a shekara, na New Mexico kuwa ba albashi sam, sai alawus. Yaya direba ko ma'aikacin gona zai ajiye sana'arsa ya tsaya takara?

Inda aka rabu:

4. Wasu na ganin zaman Robert Rivas, jikan ma'aikacin gona, kakakin majalisar Kalifoniya a 2023 babbar nasara ce. Wasu suka ce sai an ga dokokin gidajen haya da makarantu a ƙasa tukuna.

5. Jam'iyya. 'Yan asalin Kyuba a Florida sun fi karkata ga Republican, 'yan asalin Meksiko a Kalifoniya ga Democrat. An kasa daidaitawa kan ko ƙungiya ɗaya za ta iya magana da yawunsu duka.