Murhun itace yana cika mana ɗaki da hayaƙi

Mai tambaya, daga Bauchi: Assalamu alaikum. Na sayi murhun ƙarfe mai amfani da itace domin girki da jin ɗumi a wannan hunturu, sai dai duk lokacin da na hura shi, hayaƙi ne ke turnuƙe madafin kafin wuta ta kama. Don Allah a ina nake kuskure?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Galibi ɗanyen itace ne ko rashin iska ke jawo haka. Ki fara kwashe tokar jiya, domin ita ce ke toshe ƙofar iska, sannan ki jera ƙirare da karan dawa a ƙasa, ki bar tazara a tsakaninsu, kada ki ɗora manyan faskare sai wutar ta kama sosai. Idan kin samu busasshen marke, ki saya, domin yana daɗewa yana ci kuma yana barin garwashi mai kyau. Leda da fetur kuwa, kada ki kusance su wajen hura wuta.

Amsa ta biyu, daga Gombe: Hajiya, batun jin ɗumin ne ya fi damuna. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana iya kashe mai barci a rufaffen ɗaki. Ki bar taga a buɗe, ki fitar da murhun waje kafin ku kwanta.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Tokar kwana 3 ce na tarar a ciki.